Muƙamuƙina da 'Yata ta Fari

Har yau in zan yi hamma sai na tallafe haɓata da hannu. Jikokin ƙanena, da nake zaune a gidansa yanzu, suna yi mini dariya, wai tsohuwa tana tsoron kada bakinta ya faɗi ƙasa. Ina ƙyale su. Ba su san bakin nan ya taɓa rufewa har cokali ya kasa shiga ba, ba su kuma san abin da na rasa ranar da ya buɗe ba.

A Ƙofar Na'isa aka haife ni, a gidan Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda. Shanu babu, sai 'yan tumaki a bayan gida, Fulatancin ma kakata ce ta ƙarshe da ta iya shi sosai. Amma kunya kam ba a sayar da ita tare da shanun ba, an riƙe ta gam. Aka kai ni aure Shahuci, gidan da su ma irinmu ne, lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Mijina ɗinkin manyan riguna yake yi a zaure. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa tsaya mini a kan komai ba. Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, ita ce gidan.

A irin gidajenmu uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In yana kuka sai ta kau da kai, har wata ta ɗauko shi ta ɗora mata a cinya ta yi mata faɗa, sannan ta ba shi nono tana ɓata rai kamar an sa ta dole. Wadda ta fi iya wannan ita ce 'yar mutunci. Ni kuwa da na haifi 'yata ta fari na iya, har ana misali da ni. Mata suna zuwa barka suna cewa wannan yarinya akwai kunya, ko kallon jaririyar ba ta yi. Ba su san in ɗaki ya watse nakan tura ƙyaure in cusa hancina a wuyanta ina shaƙa ba.

Da ta isa yaye aka ba yayar mijina ita. Goggo, haka kowa ke kiranta, tana aure a Goron Dutse, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ɗin ma abin da zan ce shi ne to. Ranar da aka zo ɗaukarta ina tankaɗe a tsakar gida. Ban ɗaga kai ba. Na ji kukanta ya bi soro, ya fita zaure, ya yi nisa a lungu, ni kuwa na cije haƙorana na ci gaba da tankaɗena. Inna ta ce Allah ya yi mini albarka.

Bayanta na sake haihuwa, ba sau ɗaya ba, amma ba wanda ya kai yaye. Ita kaɗai ke nan gare ni a duniya, ita ɗin ma ba tawa ba. Da salla ake kawo ta ta gai da kakarta. Sai ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, "Adda, ina wuni," don haka aka koya mata ta kira ni, kamar wata yayarta. In ce lafiya, idona a kan abin da nake yi. In ta miƙe sai in bi dugaduganta da kallo in ga ko sun yi kaushi. Ba su taɓa yi ba, maganar gaskiya. Goggo tana riƙe da ita da kyau, kuma wannan ma wani haushin ne, don da tana cutarta da na sami abin faɗa.

Ban san ranar da ciwon ya fara ba. Da fari ƙara ce kawai, in na buɗe baki sai in ji ƙas a gaban kunnena na hagu. Daga nan in na tashi da asuba sai in ji kuncina a gajiye kamar na kwana ina taunar ganda. Sai ciwon kai ta gefe ɗaya, sai kunnen ya riƙa zugi, ba ruwa ba ƙaiƙayi. Goro da nake ci kullum ya zama in na gatsa sai hawaye. Wata rana ina hamma bakin ya maƙale a buɗe, na tsaya a bakin murhu yawu na zuba, sai da na kama haɓata na karkata ta gefe sannan ya koma da ƙara. Na duba ko wani ya gan ni. Abin da ya fara damuna ke nan, kada a gan ni.

Dariya ma ta zama abin tsoro. In an je suna ko biki, mata suna ta shewa, ni ina zaune leɓe a rufe. Aka fara cewa matar mai ɗinki ta cika girman kai, ba ta son mutane, an gaishe ta tana amsawa ta hanci. Ina ji ina ƙyalewa, don 'yar mutunci ba ta raki. Sai da Inna ta ga ina dama tuwo da miya har ya koma kamar kunu sannan ta tambaye ni abin da ke damuna.

Ta ce tsutsar haƙori ce. A wurin Inna duk ciwon da ke tsakanin wuya da ido tsutsar haƙori ce. Aka kira wata mata ta yi mini hayaƙi, aka lulluɓe ni da zane a kan kasko ina tari, ta nuna mini waɗansu 'yan farare a cikin ruwa ta ce ga tsutsotsin nan sun faɗo. Na yi mata godiya da idona jawur. Washegari ciwo yana nan inda yake. Aka yi rubutu na sha, aka ɗaura mini laya a kitso, aka yi mini ƙaho a bayan kunne. Asibiti kuwa ba a ko yi zancensa ba, matan gidanmu ba sa zuwa sai an fid da rai.

Sai aka kira wanzamin gidan. Tsoho ne mai kirki, ban riƙe shi a zuciya ba, abin da ya iya ya yi. Ya ce in nuna masa haƙorin da ke ciwo. Na ce, "Baba, ba haƙori ba ne, nan ne," na ɗora yatsa a gaban kunnena. Ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin shirmen mata, ya ce ai haka ciwon haƙorin turmi yake, sama yake hawa. Inna ta ce in daina gardama da manya. Ta danne kaina a cinyarta, ya sa awartaki. Kafin ya kai ga na can ciki sai da ya wage bakina iyakar wagewa, na ji mahaɗin nan ya ba da wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ya zaro turmi fari tas, ko ɗigon baƙi babu. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce tsutsar ta gudu cikin na kusa da shi.

Bayan 'yan makonni ya dawo ya cire na kusa da shi ɗin. Ka ji fa. Haƙoran da suka sha mini rake suka gwagwiyi goruba tun ina yarinya, aka binne su a bayan ɗaki ba gaira ba dalili. Bayan na biyun ne bakin ya ƙi buɗewa. Na wayi gari yatsa ɗaya da ƙyar yake shiga tsakanin haƙorana. Magana ta koma sai an matso kusa, abinci sai kunu da fura mai ruwa-ruwa, ina zuƙa ta gurbin da wanzami ya bar mini. Amfanin da na samu a aikinsa ke nan.

Na rame har zanena yana zagaye ni ya yi saura. In na miƙe jiri ya ɗebe ni. Aikin gida ya tsaya, Inna kuwa ƙafa ta daɗe da hana ta tsugunno a murhu. Da kanta ta aika Goron Dutse a ba ta aron yarinyar ta zo ta yi jinya. Aro, haka ta ce. A aro mini 'yar da na haifa.

Goggo ce ta kawo ta da kanta. Lokacin yarinyar ta kai kamar shekara goma, doguwa, mai wuyan mahaifiyata. Goggo ta leƙo ta yi mini sannu, sannan ta koma wurin Inna a inuwar ɗakinta. Ina kwance ina jin su.

"Inna, kin san da kaka za mu kama hanyar gabas. Maigidan ya riga ya yi magana da mai mota. In ta warke a dawo mini da ita da wuri in yi mata shiri."

Inna ta ce, "In ta warke. In kuwa bakin nan bai buɗe ba har lokacin, sai dai ku tafi ku bar ta, don ba ni da mai dafa mini ko ruwan zafi."

Na san irin wannan aikin hajjin. Ba na jirgin sama ba ne, na masu hali. Na mota ne, ta Maiduguri a bi ta Sudan, ana tafe ana tsayawa neman guzuri. Waɗansu sukan dawo bayan shekaru, waɗansu sai dai labari. Ina kwance hannu a kunci na gane inda aka ajiye ni: in na warke ta tafi, in ban warke ba ta zauna.

Kwanakin farko ba mu san yadda za mu yi da juna ba. Ba na kiran sunanta, sai in ce "ke", ko in ƙwanƙwasa ƙwarya. Ita kuma ta ajiye mini kunu ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. A ɗakina take kwana, a tabarma can gefe, amma in Inna ta leƙo sai in juya mata baya. Ta iya aiki, Goggo ta koya mata. Tana shara, tana ɗibar ruwa a famfon unguwa, tana tuƙa tuwon da bai fi ƙarfinta ba.

Wata safiya ta shigo da ruwan zafi a ƙwarya da wani tsumma, yagen tsohon zanenta mai shuɗi. Ta ce, "Adda, haka nake yi wa Baba a gwiwarsa in ta riƙe. Ko in gwada miki?" Mijin Goggo take nufi da Baba. Na gyaɗa kai. Ta tsoma tsumman ta matse, ta fara ɗorawa a kuncinta ta ji zafinsa, sannan ta ɗora a gaban kunnena ta riƙe. Ba ta tambaye ni inda ke ciwo ba, ta ga inda nake dafewa. Tun ranar yaye hannunta bai taɓa jikina ba sai ranar. Na rufe idona don kada ta ga abin da ke cikinsu.

Da ruwan ya huce ta lakato man shanu ta riƙa murzawa a hankali, daga gaban kunne zuwa ƙasan kunci, inda naman ya ɗaure ya yi tauri. Da zafi, amma irin zafin da mutum ba ya so a daina. Tun daga ranar safe da yamma take yi mini.

Ita ce kuma ta gano cizon. Muna zaune ina tsintar wake sai ta ce, "Adda, kin cije." Na ce me na cije. Ta ce, "Haƙoranki. Ga naman kuncinki nan yana motsi." Na lura, ashe gaskiya ne. Ina tankaɗe a cije, ina salla a cije, in Inna ta yi magana kuwa har sai sun yi ƙara. Yarinyar ta ce cikin barci ma tana jin ina gurza su kamar ana niƙa. Ban san na daɗe ina haka ba, ko da yake in an matsa mini zan iya faɗin ranar da na fara.

Daga nan ta mai da shi aikinta. Ko daga bakin murhu ta hango ni sai ta ce, "Adda, saki." In saki. Ta ce leɓe ya rufu amma haƙora kada su haɗu. Ta ɓoye mini goro, ta hana ni kwanciya a kan ɓangaren hagu, ta ce in zan yi hamma in tallafe haɓa. 'Yar ficiciyar yarinya tana ba ni umarni, ni kuwa ina bi ba musu. Allah na tuba, wani lokacin da gangan nake cijewa don in ji ta ce saki.

Da yake hannunta yana aiki bakinta ma ya saki. Tana gasa mini tana ba ni labarin Goron Dutse, yadda suke hawa dutsen da ƙawayenta su hango birni gaba ɗaya, da gonakin cikin ganuwa, da jirgin sama in zai sauka. Ni da ba na fita sai biki ko rasuwa, ina saurare. A nan na san ba ta son miyar kuka, tana tsoron ƙadangare, kuma in tana dariya sai ta rufe baki da bayan hannu, yadda mahaifiyata take yi. Shekara da shekaru ana sanin waɗannan abubuwa a wani gida, ni ban sani ba. Sau ɗaya da rana tsaka, Inna tana barci, na tura ƙyaure na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na yi mata kitso. Da Inna ta tambaya ta ce maƙwabciya ce ta yi mata, ban kuwa koya mata ta faɗi haka ba.

Tana kuma yi mini zancen tafiyar, nan ne nake jin kamar in toshe kunne. Wai Goggo ta ce akwai wani ruwa da ba a hango ƙarshensa, za su haye shi a jirgi. Wai za ta kawo mini zamzam in shafa a kunci. Nakan ce Allah ya kai ku lafiya, ita kuwa ta ce, "Saki."

Ciwo ya fara sauka, abin haushi. Yatsa ɗaya ya koma biyu. Zugin kunne ya tafi, ciwon kai ya zama sai jefi-jefi. Wata asuba na farka ban ji kuncina a gajiye ba, maimakon in yi hamdala sai gabana ya faɗi. Damina ta yi nisa, an fara shigowa da ɗanyar gyaɗa talla, kaka tana matsowa.

Sai na ɓoye. Ba na jin kunyar faɗa, kuma da za a sake haka zan yi. A gaban Inna ina magana ta tsakanin haƙora, ina zuƙar kununa ta gurbi, hannu a kunci. In an soya nama ƙamshi ya cika gida, yawuna ya tsinke, in ce ba zan iya ba. Yunwa tana cina ina jurewa. In Goggo ta aiko tambaya, Inna ta ce a gaya mata jiki da sauƙi amma baki shiru. Na ƙudurta zan sha kunu har motar nan ta tashi, ko da zan koma sillen kara.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ita yarinyar. Hannunta ne a kan muƙamuƙin nan safe da yamma, ta fi ni sanin ya saki. Kuma ta ɗora ranta a kan warkewata, ina gani, don ba ta taɓa yin wani abu na ce mata madalla ba. Na kasa ce mata ta rufa mini asiri. To me zan ce? In ce ina so ki zauna? Wannan maganar ba ta cikin waɗanda aka koya wa bakina.

Wata rana da hantsi mai tallar ƙuli-ƙuli ta shigo gidan. Yarinyar ta kwance bakin zanenta ta saya da ɗan abin da Goggo ta ba ta. Ta shigo ɗakina ta durƙusa, ta ɓantari rabi ta miƙo mini da hannu biyu.

"Adda, gwada ki gani. Na san za ki iya."

Na dubi ƙuli-ƙulin, na dubi fuskarta. Na san Inna tana nan a inuwar ɗakinta tana kaɗi. Na san ƙuli-ƙuli ba ya taunuwa a ɓoye. Na ce mata ba na so. Sai hannun ya fara sauka a hankali, fuskarta ta koma irin wadda take zuwa da ita gaisuwar salla. Wannan ne na kasa jurewa. Tunda na haife ta ba ta taɓa miƙo mini wani abu nata na kanta ba sai ranar. Na karɓa na sa a ɓangaren dama, inda turamena suke, na tauna. Ya yi ƙurus, babu ciwo ko kaɗan, kuma wallahi ya yi daɗi.

Kafin in haɗiye ta tashi da gudu. Ina jin ta a tsakar gida tana cewa, "Inna, Inna, Adda ta tauna ƙuli-ƙuli. Ta warke." Murna take yi da dukan zuciyarta. Inna ta ce alhamdu lillahi, nan take ta sa aka aika Goron Dutse a gaya wa Goggo ta zo gobe.

Ban san lokacin da na fito ba. Na tsaya a gaban Inna a tsaye, ban durƙusa ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan. Na ce, "Inna, kada a tafi da ita." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Da wa?" Sai na faɗi sunan. Na faɗe shi da bakin da ya buɗe sosai, har maƙwabta suka ji ta katanga. Na ce 'yata ce, ita kaɗai gare ni, sauran suna ƙasa, a bar mini ita.

Inna ta ajiye mazarinta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa bukatar ɗagawa ba. Ta ce, "Ashe da bakin ya zauna a rufe da ya fi miki. 'Yar fari kike kira da suna a tsakar gida, a gabana? A gidanku haka aka koya miki?"

Na ce, "A gidanmu shiru aka koya mini, na kuwa yi. Ga abin da na samu." Na wage baki na nuna mata gurbin.

Ta ce, "Kyauta aka yi, an gama. Wadda ta goya ta, ta yi mata wanki shekara da shekaru, ita za a bari hannu wofi? Shiga ɗaki."

Mijina yana zaure da allura a hannu, ya ji komai, don tsakanin zauren da tsakar gidan ba nisa. Da ya shigo cin abinci na tare shi na ce, "Malam, kai ma fa 'yarka ce." Ya sunkuyar da kai ya ce shi ina shi ina zancen 'yar fari, Inna ta riga ta yanke. Ya cinye tuwonsa tas, har ya yi mini barka da samun sauƙi. Kafin la'asar labari ya kai Ƙofar Na'isa, mahaifiyata ta aiko a gaya mini na zubar musu da mutunci a gidan surukai, kada in sake. Ba ta tambayi yadda bakin ya warke ba.

Washegari da safe, kafin Goggo ta iso, yarinyar ta shigo da ƙwaryar ruwan zafi kamar kullum. Tun jiya ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na zauna, ta matse tsumman, ta gwada a kuncinta, ta ɗora mini. Can sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Adda, ashe kin san sunana."

Ni da nake maimaita shi a zuci tun ranar da aka raɗa mata. Na ce na sani.

Ta ce, "Da na san haka ne da ban gaya wa Inna ba."

Na ce ba laifinta ba ne. Na sake faɗin sunan, a hankali wannan karon, don ita kaɗai. Ta ci gaba da danna tsumman har ya huce, ba ta sake tsomawa ba. Sai na ji ta ce, "Saki." Ashe na cije.

Goggo ta zo, ba ta shigo ɗakina ba, ta riga ta ji abin da ya faru. Ba ta yi mini gori ba. Na hango ta idonta ya yi ja, ina jin tsoro ne ya kwana da ita kada a ce ta bar yarinyar. Ita kuma yarinyar ta linke tsumman ta ajiye a kan gadona, ta ce da ɗumi ake yi ba da zafi sosai ba, safe da yamma. Ta ɗauki ƙullin kayanta. Wannan karon na bi ta da ido har soro, ban kau da kai ba, mai magana ya yi.

Sun tashi da kaka kamar yadda suka ce. Labarinsu ya riƙa zuwa a bakin masu dawowa, yana raguwa. An gan su a Sudan suna aikin auduga. Mijin Goggo ya rasu a can. An ce an aurar da 'yar tawa ga wani mutumin ƙasarmu mazaunin can, an ce ta haihu. Daga nan ban sake samun wanda ya gan ta ba. Nakan yi tunanin ko ita ma an zo an ɗauke nata na farin tana tankaɗe. Ina fata a can ba su san wannan mutuncin ba.

Ciwon yakan leƙo har yanzu, da sanyi ko in raina ya ɓaci. In ya zo na san abin yi. In dafa ruwa, in gasa, in murza da man shanu, in koma abinci mai laushi na 'yan kwanaki, in riƙa tuna wa kaina in saki. Yana sauka kuwa, ko da yaushe yana sauka. Mata da yawa na koya wa a Shahuci, na hana a cire wa waɗansu haƙora, suna sa mini albarka suna tambayar inda na samo magani mai sauƙi haka. Ba na gaya musu. Tsumman shuɗin ya daɗe da mutuwa, na yi ta amfani da shi har ya koma zare. Yanzu ina taunar nama da ɓangaren dama, ina ɗan cin goro, ina dariya in abin dariya ya zo. Ƙuli-ƙuli ne dai ban sake sawa a bakina ba.